Kwalara: yadda ƙwayarta take tafiya, yadda take zuba dafi

Jawabi domin santocin yaƙi da jahilci. Malami ya karanta sannu-sannu, ya dakata inda masu koyo suke da tambaya.



Zancen yau na kwalara ne, cutar zawo da amai. Tsofaffi sun san ta. Ta shigo Afirka ta yamma a 1970 ta ƙasar Gine, ta bi hanyoyi da gulabe har ta iso Nijar. Tun daga nan takan tafi, ta komo. A damanar 2018 ta ɓulla a Madarunfa, cikin jihar Maraɗi, mutum fiye da 3000 suka kamu. A 2021 ta dawo, ta kama fiye da 5000. Ƙaƙƙarfan mutum yakan tafi gona da safe, kafin dare a yi masa sutura.

Mi ke kawo ta? Wata ƙwayar cuta ce mai rai. Ido ba ya ganinta, sai da madubin likita. In aka jera 500 kai da gindi, da ƙyar su cika milimita guda. Wani likitan Italiya, Filippo Pacini, ya gan ta a hanjin mamata a 1854, amma ba a kula da maganarsa ba. Sai bayan shekara 30, da Robert Koch, mutumin Jamus, ya ware ta a birnin Kalkata na Indiya, duniya ta fara yarda. Siffarta lanƙwasasshiya ce, kamar jinjirin wata.

Ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike, amma tana tafiya. Tana da wutsiya guda, siririya, wadda ta fi jikinta tsawo. Da can an zaci ƙwayoyin cuta suna kaɗa wutsiya kamar kifi. A 1973 da 1974 masu bincike a Amurka suka nuna ba haka ba ne. Wutsiyar juyawa take yi. A tuna da maburgi, lokacin da mace take murza shi tsakanin tafin hannu cikin tukunyar miya. A gindin wutsiyar akwai ɗan inji da ke murza ta haka, ita kuma tana tura ƙwayar gaba. Da wannan tafiya ƙwayar kwalara takan ci tsawon jikinta sau gomiya-gomiya cikin ƙiftawar ido.

To, ina za ta? Mutum yana haɗiye ta cikin ruwa ko abinci da kashin mai cutar ya taɓa. Tumbi yana da ruwa mai tsami wanda ke kashe da yawa daga cikinsu. Waɗanda suka tsira su wuce ƙaramin hanji. Bangon hanji yana da yauƙi a kansa, kamar miyar kuɓewa, domin ya kare shi. Wutsiyar nan ita ke taimaka wa ƙwayar ta ratsa yauƙin. In ta kai bango sai ta fitar da wasu ƴan gasu, ta manne, ta kama ƴan uwanta, su yi cincirindo, su yi ta haihuwa.

A nan ne abin mamaki yake. Ƙwayar ba ta cin naman hanji, ba ta buƙatar shiga jini. Shi ya sa sau da yawa jikin mai kwalara ba ya zafi. Dafi take zubawa. Wani likitan Indiya, Sambhu Nath De, ya tabbatar da haka a 1959. Ya rena ƙwayoyin cikin ruwa, ya tace ruwan har babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Ya ɗaure wani yanki na hanjin zomo ta gefe biyu, ya zuba ruwan nan da allura. Yankin ya kumbura, ya cika da ruwa tim. Ashe ko babu ƙwayar, abin da ta bari cikin ruwa ya isa ya kawo zawo.

Dafin nan, masu ilmi suna kiran irinsa furotin. Ƙwayar tana ƙera shi a jikinta, ta turo shi waje ta wata ƙofa ta musamman da ke fatarta. Yana da gaɓa 6. Biyar suna kama bangon hanji kamar yatsun hannu. Ta shida ita ce ɓarauniya: ta shige cikin bangon, ta buɗe ƙofofin gishiri, ta hana su rufuwa. Gishirin jiki ya yi ta kwarara cikin hanji. Kowace mace ta san gishiri yana jan ruwa, ta ga yadda yake jiƙewa da damana. Inda gishiri ya bi, ruwa na biye. In cutar ta yi tsanani, babban mutum yana iya zubar da litar guda ta ruwa cikin awa guda. Zawon fari ne, kamar ruwan wankin shinkafa. Ido ya faɗa, murya ta dishe, jijiyoyin ƙafa su ɗaure. In aka tsunkuli fatar ciki, ba ta komawa da sauri. Ƙarewar ruwan jiki ita ke kashe mutum.

Nan wasu gidaje suke yin babban kuskure. Sukan ce kada a ba shi ruwa, wai ruwa ke ƙara zawo. Niyyarsu mai kyau ce, amma wannan hani ya kai mutane da yawa kushewa.

Dafin bai lalata dukan ƙofofin hanji ba. Akwai wata ƙofa da ke shigar da gishiri cikin jiki, amma ba ta aiki sai gishiri ya zo tare da sukari. Su biyun suna shiga, ruwa ya bi su. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta faɗa wa ƴan gudun hijira a Indiya. Ruwan ƙari na jijiya ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka dama gishiri da sukari cikin ruwa, dangi suka yi ta ba majinyata da kofi. Kafin haka wajen mutum 30 cikin 100 suke mutuwa. Suka koma ƙasa da 4.

Wannan haɗin shi ne cikin ƴar takardar da ake bayarwa a gidan likita. A zuba ta duka cikin litar guda ta ruwa mai tsabta. In babu ita a gida, a tafasa ruwa litar guda, a bari ya huce, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin na gishiri. Cokalin a shafe, ba a tsibe ba, domin gishiri in ya yi yawa yana cutar da yaro. Haɗin ba ya tsai da zawo nan take, yana mai da abin da ya zube ne. A ba shi kurɓi-kurɓi. In ya yi amai, a dakata minti 10, a ci gaba. Jariri kada a hana shi nono. Kuma kada a jira gari ya waye. A ɗaura amalanke, a nufi gidan likita, ana ba shi ruwan a hanya. Wanda ba ya iya sha, can za a yi masa ƙarin ruwa. Inda aka yi magani da wuri, masu mutuwa ba su kai 1 cikin 100 ba.

Saura magana guda. Yawancin waɗanda suka haɗiyi ƙwayar ba su kwantawa. Suna yawo lafiya lau, amma tana fita cikin kashinsu har kwanaki. In sun zagaya bayan gari, ruwan sama ya kwashe ya kai tabki ko rijiya marar baki. Saboda haka lokacin annoba kowa ya shiga masai, har kashin yara a zuba can. A wanke hannu da sabuni bayan zagayawa da kafin cin tuwo. Ruwan sha a tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar maganin ruwa da ma'aikatan lafiya ke rabawa. Randa a rufe ta, moɗarta guda, kada a aje ta ƙasa. In Allah ya karɓi ran mai kwalara, a kira ma'aikatan lafiya kafin a yi wanka, domin ƙwayar tana nan da rai a jikinsa da tufafinsa da tabarmar da ya kwanta a kai.