Sayayya ta Waya da Masu Shagunan Unguwarmu

Tun da aka kafa Jumia a Legas a 2012, Temu kuma ta shigo Nijeriya a 2024, mun saba da danna waya a kawo mana kaya har ƙofar gida. Akwai sauƙi, ba mu musa ba. Amma kuɗin in ya tafi ba ya dawowa unguwa. Mai shagon da muka ƙaurace wa, shi ke ba mu bashin shinkafa in albashi ya makara. Gwauruwa mai sayar da atamfa kuwa, da cinikin Kirsimeti take biyan kuɗin makarantar yaranta. Roƙonmu bana shi ne, atamfa da takalman yara da tukwane mu saye su hannu da hannu, ko da farashin ya ɗan ɗara. Abin da babu a kasuwarmu, shi za mu yi oda.