MAI ƘIRA SHI ZAI SA KUBA, BA TALAKA BA



Yau maganar inji zan yi muku. Manyan injunan gidan wuta da gidan ruwa da masaƙu, yanzu kwamfuta ke sarrafa su, da yawansu kuwa a haɗe suke da intanet. Ɓarawo yana zaune a wata ƙasa sai ya shiga ya tsai da su, ko katanga bai haura ba. Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Disamba na shekarar 2015 aka yi wa kamfanonin wutar Yukren haka, gida fiye da 200,000 suka zauna cikin duhu, ga tsananin sanyi.

To, Tarayyar Turai ta kafa doka a 2024 a kan masu ƙera irin waɗannan kaya. Daga 11 ga Satumba 2026, in maƙeri ya gane ɓarayi suna shiga ta wata kafa a injinsa, tilas ya gaya wa hukuma cikin sa'a 24. Daga 11 ga Disamba 2027 kuwa, ba shi da ikon sayar da inji a can sai ya ƙera shi da tsaro, ya kuma ci gaba da toshe kafofinsa, galibi shekara 5 ko fiye. Wanda ya ƙi, tara tana iya kai Yuro miliyan 15.

Kun ji wanda aka ɗora wa kayan: mai ƙira, mai cin riba.

Mu fa a nan? A watan Mayu 2024 Babban Bankin Nijeriya ya umurci bankuna su cire harajin tsaron intanet, naira 5 cikin kowace 1,000 da aka tura. Wato mai tumatir da mai goro su za su biya! Sai da jama'a suka yi caa, sa'an nan aka dakatar.

Abin da jam'iyyarmu ke nema shi ne, hukumar SON mai duba ingancin kaya ta kafa wa masu shigo da injuna irin wannan sharaɗi. In ba haka ba, abin da Turai ta ƙi, ina kuke tsammani za a jibge shi?

Kai kuma mai sayen inji, tambayi dillali: shekara nawa kamfani zai riƙa gyara tsaronsa? Lambar sirrin da ya zo da ita kuwa, sauya ta ran da ka kafa shi.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu sawaba.