Barandar Gidanka Ce, Amma Rayukan Baƙi Ne A Kanta

Yau Amurka za mu leƙa, kan maganar takardar izinin gini. Kar wani ya ce mene ne namu a ciki, ku dai biyo ni.

A can, mutane da yawa suna yin baranda ta katako a bayan gida, wani lokaci har a saman bene. Nan ake shan iska, a gasa nama, a tari baƙi. A yawancin birane, kafin ka kafa ginshiƙi ko ɗaya sai ka nemi izini daga hukumar gine-gine ta birni. Gidanka ne, filinka ne, kuɗinka ne, amma sai an ba ka takarda. To me ya sa?

Ranar 29 ga Yuni, 2003, wasu matasa suna shagali a wani gida a birnin Shikago. Barandar hawa na uku ta rufta da su, ta haɗa da ta ƙasanta, suka zube gaba ɗaya. Mutum 13 suka rasu, sama da 50 suka ji rauni. Da aka bincika, sai aka tarar ba a ba da izinin gina barandar ba. Waɗanda suka mutu ba su suka gina ta ba. Yawancinsu gayyatarsu kawai aka yi.

Yaya ake neman izinin? Da farko ka kai zane: faɗin barandar, nisanta da iyakar maƙwabci, girman katakai, da inda ginshiƙai za su tsaya. Ka biya kuɗi, su duba. Kafin ka yi haƙa, sai ka kira lamba 811 a zo a nuna maka inda bututun gas da wayoyin lantarki suka bi. Daga nan mai duba gini zai zo, yawanci sau uku: ya ga ramin ginshiƙi kafin a zuba kankare, ya ga katakan kafin a rufe su, sannan ya dawo bayan an gama.

Ƙa'idar da yawancin jihohi suke bi ta ce kowace murabba'in mita ta iya ɗaukar kusan kilo 195. Idan tsayin barandar daga ƙasa ya wuce inci 30, dole a yi mata makari mai inci 36, kar yaro ya faɗo. Katakon da ya haɗa ta da jikin gida kuwa, da noti ake ɗaure shi, ƙusa kaɗai ba ta isa ba, don daga nan ne baranda ta fi ɓallewa.

Amma fa takarda ba laya ba ce. A watan Yuni na 2015, a garin Berkeley na jihar Kalifoniya, wata baranda ta karye da ɗalibai, shida suka rasu, yawancinsu 'yan ƙasar Ailan. Ruwa ne ya riƙa shiga katakan da suke riƙe da ita har suka ruɓe. Shi ya sa a 2018 jihar ta yi doka: gidaje masu sassa uku ko fiye, a riƙa duba irin waɗannan barandu duk shekara shida.

Yanzu mu dawo gida. Mu ba katako muke amfani da shi ba, rodi ne da siminti, amma nauyi bai san bambanci ba. Sau nawa kuka ga an ɗora bene a kan gidan da tushensa na ƙasa ne kawai, ko an turo baranda ta leƙo kan layi? A Kano akwai KNUPDA, a Abuja akwai sashen kula da gine-gine, kuma doka ta ce a nemi amincewarsu kafin a yi irin wannan ƙari.

Na san abin da za ku ce: jeka-ka-dawo, da na goro. Wannan ƙorafi ne na gaske, kuma shi ya kamata mu matsa a gyara. A liƙa kuɗin a fili, a ba da rasit, a faɗi ranar da takarda za ta fito, mai dubawa kuma ya zo ya duba da idonsa. Amma tsallake izinin bai hukunta kowane jami'i ba. Ɗan haya ne yake biya, da 'yan biki, da yaran da suke wasa a ƙasa.

Idan za ka kama haya a bene, tambayi mai gida takardar amincewa. Idan Baba zai ƙara baranda, ka lallaɓa shi a kira injiniya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya tsare mu.