Ruwa Ya Yi Garau Ba Shi Ne Ya Tsabtata Ba

Jawabin da wani ɗan uwanmu ɗan kasuwa ya gabatar a taron ƙungiya a Fadaman Mada, Bauchi.



Ni hatsi nake sayarwa, ban taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, amma sana'ata ta koya mini abu guda. Shiƙa tana fitar da ƙaiƙayi don ba shi da nauyi, rairaya tana fitar da tsakuwa, rariya kuwa tana raba gari da tsaki. Kowace dabara abu ɗaya take fitarwa. Masana kimiyyar sinadarai ma haka suke raba abubuwan da suka gauraya, wato ta bambancin nauyi, ko girma, ko zafin da kowane yake tafasa. To, a kan ruwan shanmu nake so mu ɗora wannan magana.

Kun tuna shekarar 2021. Mutum sama da 100,000 aka yi zaton sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, Jihar Bauchi kuwa ta fi kowace jiha yawan masu cutar. Yaron shagona yana cikin waɗanda suka kwanta. Da na je dubiya, mahaifiyarsa ta ce mini, "Alhaji, wallahi ruwanmu garau yake, kullum sai na sa alif." Gaskiya ta faɗa, sai dai rabin aikin ta yi.

Mataki na farko shi ne kwantarwa. Alif yana sa ƙurar laka ta dunƙule ta yi nauyi ta sauka ƙasa, sai a tsiyaye na sama. Garin ƙwayar zogale ma yana wannan aiki.

Na biyu, tacewa. Kada ku raina ƙyalle. Tace ruwa da ƙyalle yana cikin abin da ya kori kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013. A ƙauyukan Bangaladash an gwada tace ruwa da zanen mata ninki huɗu, aka ga masu amai da gudawa sun ragu da kusan rabi. Amma fa rabi na ce, domin akwai ƙwayar cutar da ke wucewa ta kafar ƙyalle.

Na uku, kashe ƙwayoyin cuta. A tafasa ruwan ya yi ta ɓararraka na aƙalla minti 1, ko a sa kulorin daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba, a jira minti 30. Wannan jeri ne ake bi a matatar ruwan Dam ɗin Gubi: alif, tacewa, sannan kulorin. Mun karanta a makaranta cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canja ba ana alwala da shi. Hukuncin tsarki ke nan, amma ƙwayar cuta ba ta da launi balle wari.

Saura gargaɗi gare mu 'yan kasuwa. Abin da ya narke cikin ruwa, ƙyalle ba ya tare shi. Ku jiƙa gishiri ku tace, za ku ji shi yana nan. Ko ka tafasa, ruwan ne zai tashi ya zama tururi ya bar gishirin, kamar yadda rana take yi wa masu gishirin Bilma. Saboda haka jarkar da ta ɗauki maganin feshi, don Allah kada mu sayar wa mai neman ta ruwa. Ribar ba ta kai ran ɗan mutum ba.

Iyaye mata, bayan duk wannan, a rufe randa, a ware mata moɗa mai mariƙi, kada kowane yaro ya riƙa tsoma hannu. Masu gida kuma, mu dubi tazarar rijiya da masai tun kafin damina ta sauka.

Abin da na yi daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure a gyara mini. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.