Furen Okid da Tsakar Gidan Bahaushe

 

An ce in yi magana a kan shuke-shuken ado a gida, musamman furen okid, wanda yanzu ake gani a ofisoshi da otal-otal na Abuja, har ya fara shiga falon masu hali a Kano da Kaduna. Mutum zai saye shi da tsada, bayan wata biyu ya zubar da gawarsa a bola, ya ce furen Turawa ba ya son ƙasarmu. Akasari ba a san yadda yake rayuwa ba ne.

Okid dangi ne babba, iri kusan 28,000, kuma mafi yawansu ba sa tsirowa a ƙasa. A jikin reshen itace suke maƙalewa cikin dazuzzuka masu damshi, saiwarsu a waje tana shan iska da raɓa. Kada ku ɗauke shi kamar kauci. Kauci yana tsotson itacen da ya hau, shi kuwa okid wurin zama kawai yake nema. Wanda aka fi kawo mana, Phalaenopsis, asalinsa kudu maso gabashin Asiya ne, su Filifin da Indunusiya. To, idan ka ɗauko shi ka binne saiwarsa cikin jar ƙasa da takin shanu, kana ba shi ruwa safe da yamma irin na tumatir, ka shaƙe shi ke nan. Saiwar za ta ruɓe, ganye ya yi yaushi, kai kuma ganin yaushin sai ka ƙara ruwa.

Abin da yake so yana hannunmu, ba sai an yi odarsa ba: gutsattsarin gawayi, ɓawon itace, ɓawon kwakwa, a cikin tukunyar ƙasa da aka huda ta gindi da gefe. A jiƙa shi sosai, a bar ruwan ya tsiyaye, kada a sake sai ya kusa bushewa. Saiwar da kanta za ta gaya maka. In ta ƙoshi kore take, in ƙishi ya kama ta sai ta koma fari-fari kamar azurfa. Kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganye. Ruwan sama ya fi masa ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri, don haka mai son okid ya tari na damina ya ajiye. Haske yake so ba rana ba. Hasken safiya ta taga ya ishe shi.

Babban abokin gabarsa a nan hunturu ne da bazara. Iskar Disamba da Janairu busasshiya ce, ga ƙura tana toshe ganye, sannan Afirilu ta zo da zafin da ke haura digiri 40. A wannan lokaci sai a matsar da shi kusa da randa ko wurin alwala, a riƙa goge ganyen da jiƙaƙƙen ƙyalle. Mutanen Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Allah ya hutar da su rabin wannan wahala.

Wani zai ce me ya sa ba za a shuka irinsa ba. Ƙwayar okid ƙarama ce ainun, ba ta ɗauke da guzurin abinci irin na wake ko masara, a daji sai ta haɗu da wata irin funfuna kafin ta tsiro. Sai a 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna yadda za a tsirar da ita a kwalba da sukari da sinadarai, daga nan okid ya fara araha. Ba aikin tsakar gida ba ne. Kuma masu son ƙamshin banila a kek, ku sani daga wani okid ake samunsa, kuma yaro ne bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, ya gano yadda ake yi masa barbara da hannu a tsibirin Reyuniyon a 1841.

Afirka ma tana da nata, irin Ansellia africana mai ɗigo-ɗigon damisa, wanda ya saba da rani. Amma ina roƙo kada a shiga daji ana ɓamɓaro shi. Dukkan dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin daji, kuma Nijeriya na cikinta.

Yanzu bari in faɗi ra'ayina, ko da masu sayar da furanni ba za su ji daɗi ba. Wanda bai taɓa raya shuka ba kada ya fara da okid. Ga ƙariya nan a dajinmu, mai kumburarren gindi da jan fure, tana yin furenta a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe. Mu mun raina ta, mutanen Tailan sun mayar da ita sana'a, suna fitar da launuka iri-iri suna sayar wa duniya. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da yara da awaki. Ga lalle, wanda iyayenmu mata ke shukawa a bayan ɗaki, ƙamshin furensa da yamma ya isa ado. Ga moda, wadda ko an manta da ita wata guda ba ta fushi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke gina gidaje yanzu. A shafe tsakar gida da siminti ko intalok daga bango zuwa bango, a sare darbejiyar da aka tarar, sannan a dawo ana kukan zafi ana neman kuɗin man janareta. Okid zai sha wuya a irin wannan gida, don inuwa da damshin da yake bukata itace ne ke kawo su. Ina kira ga magina da masu gidaje da ke cikin wannan zaure: in za a zuba siminti, a bar ko da taku uku na ƙasa, a dasa itace kafin daminar bana ta wuce.