Gezar Doki: A Rage Ta, Kada A Tsige Ta

Yau hirar tamu ta barga ce.

Duk wanda ya taso a wajejen Ɗambatta, Bichi, Minjibir ko Dawakin Tofa ya san yadda ake in Sallah ta ƙarato: ana kakkaɓe sirdi, ana gyara linzami, samari na fita kilisa da la'asar. Tun Disambar 2024 da UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, idon duniya na kan dawakanmu. Shi ya sa nake so mu yi maganar geza.

Akwai dokin da gezarsa ke cika ta yi tsawo, ta riƙa sarƙewa da linzami, gumi ya kwanta a ƙarƙashinta, kaska ta samu maɓoya. Wasunmu sun ga bidiyon Turawa suna nannaɗe gashin a mataji su fizge, sai suka ɗauka wayewa ce. Jama'a, gashin nan a jikin fata yake, kuma doki ba ya mantuwa. In ka saba masa da ciwo a wuya, gobe kana miƙa hannu da ragama zai fizge kai. Irin wannan dokin za ka shiga taron Hawan Daushe da shi, yara na gilmawa?

To ga hanya mai sauƙi. Wanke gezar, ka bari ta bushe, ka taje. Kada ka shafa mai tukuna, santsi zai hana ka riƙo. Kama gashi kaɗan daga ƙarƙashi, ka tura gajerun sama da mataji. 'Yan dogayen da suka rage a hannunka, su za ka datse kusa da tushe. Haka za ka bi daga kafaɗa har bayan kunne.

Wajen rage tsawo kuma, ka ɗaga bakin almakashi sama kana ɗan datsewa. In ka yanke a kwance, sai ta fito kamar tsintsiya. Raba aikin kwana biyu ko uku, kana yi kana ja baya kana dubawa. Gashin goshi kam ka bar masa, shi ke kare idonsa daga ƙuda, balle da damina.

Kai da aka ba ka dokin wani kana kula da shi, ka sani amana ce, kuma sana'a ce. Mai doki na ganin bambanci, kuma shi zai kawo maka wani.

Mu haɗu a shiri na gaba. Na bar ku lafiya.