Gudun Motsa Jiki: Amsar Tambayoyin Masu Fita da Sassafe



Masu shirya zaman nan sun tattara mini tambayoyinku tun kafin yau, na kuwa bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu tambayar ba 'yan tsere ba ne. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da malaman makaranta da matan aure, da waɗanda likita ya gaya wa cewa jininsu ya fara hawa. Wani yana kukan gwiwa, wani ƙwauri, wani ya ce ya fara da zafinsa amma mako uku bai cika ba ya ajiye. Da na haɗa koke-koken sai na ga yawancinsu tushensu ɗaya ne: mutum yana gudu da saurin da ya fi ƙarfinsa, kuma yana ƙara nisa tun jikinsa bai shirya ba. Zan yi ta komawa kan wannan magana a yau, don ita ce ta fi damuna.

Bari mu fara da nawa ne ya wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, kuma gudu yana cikin mai ƙarfin. Minti 25 sau uku a mako ya kai ka bakin ƙa'idar ke nan. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2014, wanda ya bibiyi mutane sama da 55,000 na tsawon shekaru, ya nuna masu gudu sun fi marasa yi ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya da kimanin kashi 45 cikin 100, kuma har masu yin minti 5 zuwa 10 a rana, a hankali, sun ci wannan moriya. Don haka wanda ya rubuto cewa ba shi da awa biyu a rana, ba a nemi awa biyu daga gare shi ba.

Yaya za a fara? A fara da tafiya. Wanda ya shekara goma daga kujera sai mota, ya yi mako biyu yana tafiya da sauri ta rabin awa. Bayan nan ya shigo da sassarfa: minti ɗaya na sassarfa, minti biyu na tafiya, a yi ta maimaitawa har minti ashirin, kwana uku a mako, da hutun kwana guda a tsakani. Duk mako sai sassarfar ta ɗan ƙaru, tafiyar ta ɗan ragu. A kan irin wannan tsari aka gina shirin nan na mako tara da hukumar lafiya ta Ingila take bai wa jama'arta, wanda ke ɗaukar mutum daga zaman kujera har ya iya rabin awa yana gudu ba tsayawa. Babu abin kunya a cakuɗa gudu da tafiya, akwai masu gama gudun fanfalaki na kilomita 42 a haka.

Ma'aunin sauri kuma ba ya bukatar agogo mai tsada. In kana gudu maƙwabcinka ya gaishe ka, ka iya amsa masa, ka tambaye shi gida da iyali ba tare da haki ya yanke maka magana ba, to saurinka daidai ne. In kuwa sai dai ka ɗaga masa hannu, ka rage. Na san abin da ke hana mutane ragewa: idon jama'a. Mutum yana jin kunyar a gan shi yana sassarfa kamar mai neman wani abu a ƙasa, sai ya ƙure kansa a gaban masu shayi, ya je lungu yana dafe gwiwa. Alhali manyan 'yan tseren duniya, har da na garin Iten a Kenya inda ake horo a tudun da ya kai mita 2,400, kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a saurin da za su iya hira suke yin sa. Eliud Kipchoge, wanda ya gama kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana a 2019, yawancin kwanakinsa gudu mai sauƙi yake yi. In shi bai ji kunyar sassautawa ba, ban ga dalilin da zai sa ɗan shekara arba'in da biyar mai tumbi ya ji ba.

Ga dalilin da ya sa nake nanata wannan. Sassan jiki ba sa sabawa da gudu a lokaci guda. Zuciya da huhu suna saurin karɓa, cikin makonni kaɗan za ka ji hakin ya ragu. Tsoka tana biye da su. Amma jijiyoyi da agara da ƙashi suna bukatar watanni, domin gyaruwarsu a hankali take tafiya. To a daidai lokacin da numfashi ya daidaita, mutum ya ji kamar zai iya ninka nisansa, a lokacin ne ƙwauri da dunduniya ba su kai ba. Nan ake samun zugin ƙwauri, da ciwon tafin ƙafa da ke hana taka ƙasa da asuba, wani lokaci har da tsagewar ƙashi. Shi ya sa masu horarwa suke cewa kada ƙarin nisan mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata. Ba doka ba ce da aka saukar, amma linzami ne mai amfani. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayar da ta fi kowace yawa ita ce ta gwiwa: wai gudu yana cinye ta? A 2017 masana suka tattara bincike da dama da suka shafi mutane sama da 100,000. Amosanin gwiwa ko ƙugu ya kama kimanin kashi 3.5 cikin 100 na masu gudun motsa jiki, kashi 10 na masu zama, da kashi 13 na manyan 'yan tsere da suka shekara da shekaru suna horo mai tsanani. Guringuntsi yana son a riƙa motsa shi daidai gwargwado. Abin da ya fi cutar da gwiwa shi ne nauyin jiki da ya yi yawa, da tsohon rauni, da raunin tsokar cinya da ta ƙugu. Saboda haka kwana biyu a mako a yi tsuguno da miƙewa, da hawa matakala, da ɗagawa a kan yatsun ƙafa. Wanda gwiwarsa ta riga ta kumbura ko take kullewa, ya je a duba shi kafin ya fara. A kuma rarrabe tsakanin tsamin jiki da ciwo. Tsami yana kama ɓangarorin biyu, ya lafa cikin kwana biyu ko uku. Ciwo kuwa wuri ɗaya yake zama, za ka iya nuna shi da yatsa, yana ƙaruwa in kana gudu, har ya sa ka ɗingishi. Wannan ba a yi masa jarumta.

Batun takalmi ba zan daɗe a kansa ba. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki na gasar Olamfik a Rum a 1960 ba takalmi, amma shi ƙafarsa ta saba tun yana yaro, kuma titunanmu cike suke da ƙusa da fasassun kwalabe. A nemi kambas mai laushin ƙasa wanda bai matse ba, a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, a gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Yawanci ƙarfinsa yana ƙarewa tsakanin kilomita 500 da 800. Mai sayen na gwanjo ya duba ƙasan da kyau, in ya lotse ko ya cinye ta gefe ɗaya, wani ya riga ya ci amfaninsa. In da hali, hanyar burji ko filin makaranta sun fi kwalta sauƙi ga ƙafa. In kuma dole sai titi, a bi gefen da za a fuskanci motocin da ke tahowa, a sa riga mai haske, a cire abin jin sauti daga kunne. Mai adaidaita sahu da ya kwana yana aiki ba lallai ya hango ka a duhun asuba ba.

Yanzu ga zafi, kuma nan ne shawarar da ake karantawa a intanet take iya cutar da mu, domin yawancin masu rubuta ta a ƙasashen sanyi suke. A watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai yana haura digiri 40. A 2019, a gasar duniya ta birnin Doha, da tsakar dare aka fara gudun fanfalaki na mata don kauce wa rana, amma duk da haka 28 daga cikin 68 ba su iya gamawa ba, kuma waɗannan ƙwararru ne da likitoci a gefensu. Mu lokacinmu a bazara shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Jiki yana ɗaukar kwana goma zuwa mako biyu kafin ya saba da sabon zafi, don haka in bazara ta shigo a rage nisa da sauri tukuna. Masu sa rigar leda ko suwaita wai don kitse ya narke, ina roƙonku da Allah ku daina. Abin da ke fita ruwa ne, zai dawo da kofin farko, amma hatsarin da ake jefa ƙoda da ƙwaƙwalwa na gaske ne.

Ruwa kuma a sha gwargwadon ƙishirwa. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙaranci. Sai dai yawansa ma yana kisa: binciken da aka yi kan waɗanda suka yi gudun Boston na 2002 ya samu kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya faɗi, galibi saboda ɗirkar ruwa fiye da kima. Gudun da bai kai awa ɗaya ba ruwa zalla ya ishe shi. Wanda ya wuce haka cikin zufa mai yawa, ruwan gishiri da sukari da muka sani ya wadatar. Lokacin hunturu matsalar ta koma ƙura. Ranar da hazo ya rufe gari, mai asma ya yi motsa jikinsa a cikin gida, kowa kuma ya nisanci manyan tituna masu hayaƙi.

Da azumi fa? Ba watan ƙara nisa ba ne, watan riƙe abin da aka samu ne. Ko dai sassarfa mai sauƙi ta minti ashirin daf da shan ruwa, ko bayan tarawihi in abinci ya faɗa. Gudu da hantsi da azumi a baki cikin zafi ban yarda da shi ba. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura ya zauna da likitansa tukuna, domin suga na iya faɗuwa ba zato.

Masu tambayar tumbi, ga lissafin. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ƙona kimanin kalori 350 a kilomita biyar. Kwalbar lemo biyu da ƙosai sun mayar da shi. Gudu yana gyara zuciya da barci da hawan jini ko da sikeli bai motsa ba, amma tumbi sai an haɗa da gyaran kwano.

'Yan uwana mata sun tambaya ko wannan abu ya dace da su. Ya zo a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi, daga baya suka sake ya wuce ta. Abin da mata suka rasa shi ne wuri mai sutura da aminci, kuma wannan aikin shugabannin unguwanni da makarantu ne: a ware musu fili da lokaci. Macen da ke yawan jin kasala da haki a gudu ta je a auna jininta, domin ƙarancinsa ya yawaita a cikin mata. Mai juna biyu da mai jego su bi shawarar asibiti.

Wani matashi ya ce yana son shiga gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016. Madalla. Ka fara da kilomita 5, ka yi 10 irin nisan tseren Okpekpe na jihar Edo, ka yi 21, sannan ka yi maganar 42. Ka ba kanka shekara guda aƙalla.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Jim Fixx, wanda littafinsa na 1977 ya sa ɗimbin Amurkawa suka fara gudu, ya faɗi ya mutu yana gudu a 1984 yana ɗan shekara 52. Jijiyoyin zuciyarsa sun toshe, mahaifinsa ma ciwon zuciya ne ya kashe shi yana 43. Gudu yana rage hatsari, ba ya goge gado. Wanda ya haura arba'in, ko yake da hawan jini ko suga, ko aka taɓa mutuwar fuju'a a gidansu, a auna shi kafin ya fara. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da jinin AS. Yawancinsu suna gudu lafiya, amma ƙure kai cikin zafi da ƙishirwa yana iya kayar da su, don haka kowa ya san ko jininsa AS ne. Mai zazzaɓi ba ya fita, sai ya warke ya ƙara kwanaki. Kada a je kemis a haɗiyi ibuprofen ko diclofenac don a danne ciwo a yi gudu, suna taɓa ƙoda in jiki ya bushe, taramol kuwa ba ma a maganarsa. Nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon da ke sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, jiri, bugun zuciya da ya rikice: a tsaya nan take, a nufi asibiti a ranar.

In kuma abokin gudunku ya faɗi, jikinsa ya yi zafi rau, yana surutai ko bai san inda yake ba, ku kai shi inuwa, ku sassauta masa kaya, ku yi ta kwara masa ruwan sanyi kuna fifita, wani ya nemo mota. Sanyayawar ta fara tun a wurin, kada a jira asibiti. Ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. In ba ya numfashi, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓar juna har a isa hannun likita. Ina so kowace ƙungiyar masu gudu ta samu aƙalla mutum biyu da suka koyi wannan a aikace, kuma bayan an tashi zan tsaya in nuna wa duk mai so.